Daga kaset zuwa kile: tarihin matse wasanni a gidajen gem na ƙasar Ƙonni

 Yau za mu leƙa wani wuri da dattawanmu kan wuce su kau da kai, wato gidan gem, inda yara ke cika maƙil gaban tele suna ihun ƙwallo. Akwai tarihi a wurin, akwai kuma darasin da ya shafi har wanda bai taɓa riƙe manet ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne abin da ya sami wani matashin unguwarmu mai ɗan shagon gem, tele uku da PS2 uku. Rumbun kwamfutarsa ya cika da kwafin wasanni, ga shi ba kuɗin sayen sabo. Sai wani abokinsa ɗalibi ya rubuta masa ƴan layukan umarni, abin da masu harkar ke kira sikirif: kwamfuta ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta matse kowane ya ƙanƙance, ta zuba shi cikin sabon kile, sannan ta goge na asali. Ya saki aikin da dare ya tafi ya kwanta. Da safe ya ga sunaye reras cikin kile, rumbu ya yi fili, ya yi murna ya cika filin da sababbin wasanni. Sai da aka kwana biyu ya gane yawancin abin da ke cikin kilen ba ya buɗewa. Ashe kilen jabu ne, an rubuta giga 128 a jikinsa alhali cikinsa bai kai ko kwata ba.

Wasa dai ana sake samun sa. Amma cikin fayilolin akwai kwafin faifan bikin yayarsa, inda kakarsu, Allah ya jiƙan ta, take yi wa amarya nasiha. Faifan kansa ya daɗe da karcewa. Da muka je yi masa jaje cewa ya yi: "Wallahi yaya, ba wasannin nike ji ba, muryar Kaka nike ji, ta tahi ke nan."

Don a gane yadda aka kai ga haka, bari mu koma baya. Ƙonni gari ne na bakin iyaka. Ƴan kilomitoci ne tsakaninsa da Illelar Najeriya, daga can hanya ta miƙe zuwa Sakkwato. Ga kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai, ta ratsa Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, ta nufi Maraɗi da Damagaram. Duk kayan lantarkin da ya sauka Kano ko Legas, ko na gwanjo da ya biyo ta Kwatano, ba ya daɗewa sai an gan shi a kasuwanninmu. Ta nan rediyo mai kaset ya shigo, ta nan bidiyo ya shigo, ta nan na'urorin wasa suka biyo baya.

Na farkon da yawancinmu muka sani su ne masu ɗan kaset rawaya da ake cusawa ta sama, kwaikwayon Famicom da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983. A jikin kaset a rubuta wasa dubu tara da ɗoriya, in ka duba sai ka tarar ƴan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Wasan Super Mario Bros. na 1985 duka-duka kilobayit 40 ne. Hoto ɗaya na wayar yanzu ya ninka shi sau da yawa. Masu ƙirƙirarsa sun yi tsimi ƙwarai, har gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Ka ga ke nan tun daga tushe, wasan bidiyo da ƙarancin wuri tare suka taso.

A watan Disamba 1994 Sony ta fito da PlayStation, wasa ya bar kaset ya koma faifan sidi mai ɗaukar mega 650 zuwa 700. A watan Maris 2000 PS2 ta fito da faifan dibidi na giga 4.7, mai hawa biyu kuma giga 8.5. An sayar da fiye da miliyan 155 a duniya. Ita ce ta kafa gidajen gem irin waɗanda muka sani, albarkacin ƙwallon kamfanin Konami, wanda wasu suka sani da Winning Eleven, wasu da PES. Sony ta daina ƙera PS2 a farkon 2013, PES 2014 kuma shi ne na ƙarshe da ya fito mata a hukumance. Amma a nan ba ta yi ritaya ba. Har yau za ka ga yara na buga ƙwallo da ƴan wasan bana a kanta, saboda masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suna gyara tsohon wasan suna sa sababbin sunaye da riguna.

Faifai kuwa bai dace da ƙasarmu ba. Ƙurar hunturu, zafin bazara, da hannuwan yara ashirin a wuni, faifai ya karce, idon na'ura ya mutu. Mafita ta zo daga ƴan sa-kai da suka rubuta manhajoji suka bayar kyauta, musamman Free McBoot da ake sawa cikin katin ajiyar PS2, da Open PS2 Loader, wato OPL. Da su sai a kwafe faifai gaba ɗaya ya zama fayil guda da ake kira ISO, a zuba shi cikin kile, wanda ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa filas, na'ura ta karanta daga nan ba tare da ido ba.

To, an rabu da Bukar an haifi Habu. Tsarin ajiya da PS2 ta daɗe tana ganewa a kile shi ne FAT32, wanda Microsoft ta fitar a 1996, kuma a ƙa'idarsa fayil ɗaya ba ya kai giga 4. Wasanni da yawa sun wuce haka, shi ya sa masu shago suka koyi amfani da USBUtil, mai yanka wasa gunduwa-gunduwa, giga ɗaya-ɗaya. Ƙofar kilen PS2 kuma tsohuwar ƙira ce, USB 1.1, iyakar gudunta mega ɗaya da rabi a daƙiƙa, shi ya sa bidiyon farkon wasa ke sarƙewa. Uwa uba tsadar wuri: kile mai giga 32 bai wuce ya ɗauki cikakkun wasanni bakwai ko takwas ba, alhali mai shago yawan wasanni shi ne jarinsa. Daga nan maganar matsewa ta zama dole.

Ita dabarar matsewa ta girmi kwamfuta. Mai awon albasa a Galmi ba ya rubuta "buhu" sau ɗari, rubutawa yake "buhu 100". Malaman zaure sun san yadda littattafan sharhi ke sa harafi ɗaya a madadin matani, wani a madadin sharhi. A wayar tangaraho ta Samuel Morse, wadda ta aika saƙonta na farko daga Washinton zuwa Baltimo a 1844, harafin E da ya fi yawa a Turanci ɗigo ɗaya kacal aka ba shi, haruffan da ba a cika amfani da su ba aka ba su dogayen alamu. A 1951 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, David Huffman, malaminsa Robert Fano ya ba su zaɓi tsakanin jarrabawa da rubuta takarda. Ya zaɓi takarda, ya gano hanyar lissafi mafi tsimi ta raba gajerun alamu ga abin da ya fi yawa, aka buga aikin a 1952. A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka kawo wata dabarar: in abu ya maimaita kansa, kada a sake rubuta shi, a ce kawai koma baya taki kaza ka kwafo kaza.

Waɗannan dabaru biyu su ne cikin ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a 1989 ya kuma bayyana tsarinsa ga kowa. Ya rasu a 2000 yana ɗan shekara 37, amma da wuya a sami waya ko kwamfutar da ba ta amfani da aikinsa. Bayansa Eugene Roshal ya kawo RAR a 1993, Igor Pavlov ya kawo 7-Zip a 1999.

Me ya sa faifan wasa ke matsuwa? Saboda da yawa cikinsu ba cike suke da gaske ba. Kamfanoni kan cusa fayilolin banza don cike wuri, ko don tura ainihin wasan zuwa gefen faifai inda na'ura ta fi saurin karantawa. In cikon sifili ne jere da juna, matsewa na mayar da shi kusan ba kome. Shi ya sa wani wasan ke raguwa da rabi ko fiye, wani kuwa mai yawan bidiyo da ƙyar yake motsi, don bidiyon tun asali a matse yake. Duk wanda ya ce maka ya mayar da wasa mai giga 4 mega 10 ba tare da ya cire kome ba, yi hattara da shi. Galibi tarko ne na cusa ƙwayar cuta a kwamfuta.

Sai dai ZIP da RAR ba su biya buƙatar mai gem ba, don sai an kwance fayil gaba ɗaya kafin a buga. Dabarar da ta warware wannan ita ce a yanka faifan ƙananan-ƙanana, a matse kowane yanki daban, a ajiye jadawalin inda kowane yake, na'ura ta riƙa kwance wanda take buƙata kawai. Haka CSO yake, wanda ya yaɗu da PSP, ƴar ƙaramar na'urar hannu ta 2004 mai faifan giga 1.8. Haka ZSO yake, mai amfani da LZ4 na Bafaranshe Yann Collet. Bai kai CSO matsewa ba amma ya fi saurin kwancewa, kuma sababbin fitowar OPL na karanta shi. Sai CHD, wanda ya fito daga MAME, aikin adana tsofaffin wasanni da Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara a 1997. Manhajojin da ke buga wasannin a kwamfuta da waya, irin su PCSX2 da PPSSPP, suna karanta CHD, amma PS2 ta cikin shago ba ta san shi ba. Wanda bai san wannan bambanci ba sai ya kwana yana matsewa, da safe na'ura ta ce ba ta ga kome ba.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ya shafi kowa. Matsewa iri biyu ce. Akwai ta auduga: ka danna ta cikin buhu, ranar da ka kwance ta dawo yadda take, ko zare bai ɓata ba. ZIP, CSO, ZSO da CHD duk wannan layin suke. Akwai kuma ta kilishi: nama ya yi sauƙin ɗauka, ya yi daɗi, amma har abada ba zai koma ɗanye ba. MP3, JPEG da bidiyon waya nan suke. A harkar gem ma akwai masu yin ta kilishi, su cire muryar mai sharhin ƙwallo ko bidiyon labari don wasa ya shiga kile.

Mu nan mun sha kilishin nan a zamanin turi. Fim ɗin Hausa ya faro a kaset da Turmin Danya a Kano a 1990, ya koma sidi, daga baya ya faɗa hannun masu turi da kwamfutocinsu a bakin tasha da kasuwa. Don fim goma ya shiga katin waya ɗaya, aka riƙa matse shi zuwa 3GP har fuskar jarumi ta zama kamar an shafa mata toka. Ba za mu ce abin bai yi amfani ba. Mdou Moctar, ɗan jiharmu ta Tawa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta bulutut da katin waya waƙoƙinsa suka ratsa Sahara. A haka Ba'amurke Christopher Kirkley ya ci karo da su a arewacin Mali, ya sa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011, yau ga shi yana zagaya duniya da gitarsa. Amma ku lura, duk lokacin da aka sake matse abin da aka riga aka yi wa matsar kilishi, ƙara lalacewa yake. Hoton da ya bi ta WhatsApp hannu biyar ba shi ne wanda aka ɗauka ba. In kana son ya isa yadda yake, a matsayin takarda ake tura shi.

Mu dawo kan sikirif. Ba wani tsafi ba ne. Umarnin da za ka yi ta bugawa da hannu sau ɗari ne ka rubuta sau ɗaya, ka ce wa kwamfuta ta maimaita shi kan kowane fayil mai ƙarewa da ISO. Layi biyar ko goma sun isa, a fayil ɗin bat na Windows ko a harshen Python. Amfaninsa shi ne ba ya gajiya. Haɗarinsa shi ne ba ya tambaya. A wurinsa faifan ƙwallo da faifan biki duk ISO ne, kuma in ka ce ya goge, gogewa zai yi.

Kada matashinmu ya ɗauka shi kaɗai abin ya taɓa ci. A watan Janairu 2015 an gano wani layi ɗaya cikin sikirif ɗin Steam, babbar kasuwar wasanni ta kamfanin Valve, wanda a kwamfutocin Linux aka so ya share jakar Steam kaɗai. Da sunan jakar ya zo fanko, sai ya share duk fayilolin wani mai amfani, har da rumbun ajiyarsa da ke jone. A 1998 kuma umarnin gogewa ɗaya ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar. Da suka je ga kwafin ajiyarsu sai suka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya duba. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta.

Daga waɗannan labarai ga abin da ya kamata duk mai rubuta irin wannan sikirif ya kiyaye. Na farko, ya gwada kilen kafin ya amince da shi. Akwai ƴar manhaja kyauta, H2testw, mai cika kile ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin cikinsa. Araha ba ta ado. Na biyu, kafin matsewa sikirif ya ɗauki hatimin kowane fayil, wato wata doguwar lamba irin MD5 ko SHA-1 da ke sauyawa ko da ɗigo ɗaya ya sauya a ciki. Bayan matsewa ya kwance sabon daga inda aka ajiye shi, ya sake ɗaukar hatimi, ya gwada su. In ba su zo ɗaya ba, ya tsaya. Na uku, kada a sa gogewa cikin sikirif sam. Ya kwashe na asali zuwa wata jaka, mutum da idonsa ya goge bayan ya gwada. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Na huɗu, a fara da fayil biyu ko uku kafin a saki ɗari, kuma ya rubuta rahoton abin da ya yi. Na biyar, kayan iyali su zauna a jakarsu daban, kuma abin da yake wuri ɗaya tak ba a ajiye yake ba. A yi kwafi biyu, ɗaya a wani gidan. In kuwa tsautsayi ya sa an goge abu, a daina zuba kome a rumbun nan take, don sau da yawa ana iya dawo da shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Nan ne matashinmu ya yi asara ta biyu.

Mu da ke nan muna da ƙarin dalilin yin taka-tsantsan, wato kuran. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar matsewa, fayil kan tsaya rabi, sunansa na nan amma cikinsa guntu. Kowa na tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke ba ƙasarmu kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, har zuwa farkon 2024. A watannin nan kayan gyara sun yi wuya, kile da rumbu sun yi tsada, man gurup ya gagari masu ƙananan shaguna. Wanda ya iya tattalin ɗan wurin da yake da shi, shi ya ci gaba da buɗe shago.

Akwai gaskiyar da ba za mu tsallake ba. Ajiye kwafin faifan da ka saya daban, cin kasuwa da gumin wani daban. Masu shirya finafinan Hausa sun daɗe suna kukan yadda turi ya karya kasuwarsu, a ƙasarmu ma akwai BNDA mai kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta. Haka nan kukan iyaye kan yaran da ke gudun lakkwal da makarantar allo su ɓuya gidan gem, ko masu sa kuɗi a kan wasa, kuka ne mai tushe. Mai shagon kirki shi ke korar yaro lokacin karatu da lokacin salla.

Amma mu duba ɗaya gefen. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a can kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. In abin da manyan kamfanoni suka kashe wa miliyoyi na ɓacewa haka, ina ga namu? Kaset ɗin tafsirin malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, muryoyin makaɗan fada da na noma, bidiyon naɗin sarauta, kokowar gargajiya da aka fara gasar takobinta ta ƙasa a Tawa a 1975, tsofaffin shirye-shiryen rediyon garuruwanmu, duk suna cikin akwatuna da kwalaye. Zaren kaset na manne wa juna, faifan da aka ƙona a shago na mutuwa shiru ba sallama.

Su wa suka iya kwafe faifai ba tare da ɗigo ya ɓata ba? Su wa suka san bambancin FAT32 da waninsa, suka san hatimin fayil, suka iya sa kwamfuta ta yi aikin dare ita kaɗai? Yaran nan ne na gidan gem da masu turi, waɗanda ba wanda ya koya musu a aji. Shi ya sa muke kira ga magadan gari, sarakunanmu, gidajen rediyo da ƙungiyoyin matasa, daga Alela har Badagishiri, su jawo su a jiki. Kwamfuta ɗaya, rumbu biyu na ƙwarai, da matasa biyu masu amana sun isa a fara tattara abin da ya rage a kowace gunduma, a matse shi matsar auduga, a ajiye kwafi a wurare biyu.

Matashinmu dai ya sake rubuta sikirif ɗinsa, wannan karon babu layin gogewa a ciki. Yana kuma bin dangi gida-gida, har waɗanda ke Sakkwato da Abijan, ko Allah zai sa wani ya taɓa kwafar faifan bikin nan. Ku ma ku duba akwatunanku tun yau, ku ga abin da ke wuri ɗaya tak. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.